Kofi Uku a Gidan Surukai

Na fi shekara ashirin ina dafa zoɓo a Gwandu, kuma ban taɓa neman waya ta koya mini ba. In ana suna ko walima a unguwarmu, tun ana gobe ake aiko mini da zoɓo da sukari, a ce in yi yadda na saba. Na san yawan cittar da ke ɗumama maƙogwaro ba tare da ta sa mutum tari ba, na san kanumfarin da ke isar tukunya, na san lokacin saukewa kafin ya yi baƙi ya soma ɗaci. Saboda haka ranar da 'yata ta fari ta kira ni daga Kalgo ta ce in zo in taya ta haɗa wani jan abin sha da ta gani a waya, sai da na cire wayar daga kunne na ƙare mata kallo, ko wani ne ya yi ɓatan lamba.

Na ce 'yata ta fari, amma a takarda kaɗai nake iya faɗin haka. Da bakina ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka taso muka tarar a gidanmu: uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa. Ana yaye ta aka kai ta Masama wurin mahaifiyata, can ta girma. Mahaifiyata take ce wa Inna, ni kuwa Adda, kamar wata yayarta. In zan kira ta sai in ce "ke", in zan ba da labarinta sai in ce 'yar Masama. Ban taɓa yi mata kitso ba. Ranar da ta gama makaranta ƙannenta suka yi ta tsalle a tsakar gida, ni kuwa na ce a tashi a ɗebo ruwa. Mutane suna yaba mini da kara, ni ma na daɗe ina yaba wa kaina. In na ce abin ba ya ci mini rai na yi ƙarya, yana ci.

Mahaifiyata ta rasu shekara guda kafin bikin yarinyar. Tun daga lokacin ban sake jin kalmar Inna a bakinta ba.

An kai ta Kalgo, gidan wani malamin makaranta, yaro mai hankali wanda ba ni da abin faɗi a kansa sai alheri. Matsalar tana sashen da ke kallon nata, wurin uwarsa, wadda tun ba ta taɓa leƙa cikin jirgi ba ake ce mata Hajiya, ita kuma tana amsawa. Tun makon farko wannan mata ta yanke wa 'yar Masama hukunci: goyon kaka ce, 'yar boko ce, hannunta bai san tukunya ba. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Kwano kawai take mayarwa. A kai mata tuwo, ta buɗe, ta gutsuri loma ɗaya daga gefe, ta rufe, ta tura shi da bayan yatsu ta ce a ɗauke. Shekara biyu ana haka. Ba yarinyar ce ta gaya mini ba, don ba ma irin wannan hirar da ita. Ƙannenta da ke zuwa hutu ne suka kawo mini labari. Na ce musu ta koyi girki mana, wa ya hana ta. A cikina kuwa sai da na yi kwana uku ina tafasa.

To sai ga shi a shekarar Allah ya kira Hajiya Makka da gaske, ta je ta sauke farali ta dawo, sunan ya halatta. Aka sa ranar da za a taru yi mata barka da sauka, 'yan'uwanta daga Kambaza, ƙawayenta na cikin Kalgo, surukai daga ko'ina. 'Yar Masama ta ƙudurta a ranta cewa ranar za ta wanke kanta. Za ta kawo abin da ba a taɓa sha a gidan ba, a gaban kowa, yadda Hajiya ba za ta sami halin mayarwa ba. Dabarar yara ke nan. Mutumin da ya ƙi tuwonki shekara biyu, wai da ruwan kwali za ki saye shi.

"Adda, don Allah ki taho da sassahe," ta ce a waya. "Ba ni da wanda za ni kira."

Maganar nan ta biyu ce ta sa ni ɗaura zane, ko da yake dama zuwa gaida suruka dole ne a kaina. Na zaɓi zoɓo busasshe mai kyau, wanda na ajiye wa kaina tun kaka, na haɗa da citta da kanumfari na ƙulle a leda na jefa a jaka. Damina ta sauka, gero ya kai gwiwa a gonakin bakin hanya. Na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na canja wata zuwa Kalgo, na isa kafin hantsi ya yi zafi.

Na tarar da ita a kicin ta jingina waya da gwangwanin gishiri. A cikin wayar akwai wata Baturiya mai faffaɗan murmushi, tsaye a wani kicin da ko alamar an taɓa hura wuta babu, tana auna ruwa da cokali kamar mai haɗa wa jariri magani. In Baturiya ta yi magana sai yarinyar ta danna ta tsayar da ita, ta yi abin da aka ce, ta sake dannawa. Ni da nake zuba sukari da idona ban taɓa kuskure ba, aka ba ni kujera 'yar tsugune in zauna in ga ikon Allah.

Sunan abin wai kiranberi. Sai da na sa ta maimaita. Wasu 'yan jajayen 'ya'yan itace ne da ke fitowa a ƙasashen sanyi, babu wanda ya taɓa ganinsu a Kebbi, ruwansu kawai ake kawowa a kwali. Mijinta ya karaɗe kantunan Birnin Kebbi kafin ya samo kwali uku, ya kawo yana haki kamar ya samo maganin da likita ya rubuta. Ta fito da wani babban kwanon gilashi daga kayan ɗakinta, wanda tun ranar jere ba a taɓa shi ba, ta farke kwalin ta tsiyaya. Na leƙa. Ja ne, amma ja mai rama, zoɓo ne da ya tashi daga jinya. Na kai hanci, babu ƙamshin komai.

Nan na zaro ledata na kwance, na ce a ɗora ruwa, kafin azahar zan ba ta abin da za a riƙa tambayar wa ya dafa. Ta dubi ledar, ta dubi ƙasa.

"Adda, a bar shi sai wani lokaci. Wanga na daban na."

Cikin ladabi ta faɗa, ba zan yi mata ƙarya ba. Na ƙulle ledata na mayar jaka. Amma tun daga Gwandu nake riƙe da ledar nan, kuma a raina ba zoɓo kaɗai na ƙulle a ciki ba. Shi ne abu ɗaya da na iya wanda zan iya ba ta ba tare da na buɗe baki ba, ta ce a bar shi sai wani lokaci.

Aka ba ni aikin matsar lemo. Na matse lemon zaƙi tsibi guda, na matse na tsami, na tace ƙwallayen da rariya. Ita kuma ta narka sukari a ruwan zafi ta bar shi ya huce, wai in an zuba shi haka nan ba ya narkewa, abin da kowace yarinya mai tallan kunu ta sani ba tare da Baturiya ba. Ta yanka wani lemon siri-siri da ɓawonsa ta watsa a sama, ta tsinka ganyen na'ana'a, ta fasa ƙanƙarar da ta saya a maƙwabta. Sannan ta jawo wasu kwalabe daga cikin kula. Ruwan soda ne, ruwa zalla da gas, ba zaƙi ba launi, wai shi ma saye ake yi. Baturiya ta ce sai a ƙarshe ake zuba shi, dab da kai wa baƙi, don kada ya mutu.

Bayan azahar, da mata suka cika sashen Hajiya, ta buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta juye. Kwanon ya yi tsuwwa. Wata kumfa ja-ja ta taso ta kewaye bakin gilashin, ƙananan idanu suka riƙa tasowa daga ƙasa suna fashewa. Fuskarta ta washe, ta ce daidai da na cikin wayar. Ni kuwa ina ganin kumfar nan gabana ya faɗi.

Duk macen da ta taɓa dafa zoɓo ko kunun zaƙi a ƙasar nan ta san irin wannan kumfar. In zoɓo ya kwana biyu cikin zafi, haka yake yi: idanu suna tasowa, yana tsuwwa in an kasa kunne, yana cizon harshe. Sai a ce ya tashi, a zubar da shi a bayan gida, don daga nan kuma sai abin da ba a ambata a gidan musulmi. Tsofaffin nan suna shan lemon kwalba, ba su ƙi ba, amma a gabansu ake buɗe shi su ji ƙarar murfin. Jan abu a kwano da ludayi, daga kicin ɗin amarya, yana kumfa, ba su da suna biyu da za su ba shi. Maganin abin kuwa ba wuya. Ta ɗora kwalaben a tire, ta buɗe su a gaban mutane, ta zuba suna kallo, shi ke nan. Magana ɗaya ce, tana kan harshena. Na ce wa kaina uwa ba ta shiga sha'anin 'yar fari. Gaskiyar ita ce ledata nake jin nauyinta a jaka. Na ce a raina tunda yau Baturiya ce uwarta, bari Baturiya ta gaya mata. Na tashi na riga ta zuwa sashen Hajiya.

Ɗakin cike yake, ƙamshin turaren Makka har ƙofa. Hajiya na zaune a kan darduma cikin fararen kaya, ta sa sabon haƙorin zinariya, tana dariya ko ba a faɗi abin dariya ba don a gan shi. Na durƙusa na yi mata barka, na koma bakin ƙofa na zauna, inda suruka ke zama. Aka miƙo mini dabino na ƙulle a gefen mayafi, aka miƙo zamzam na juye a 'yar kwalbar da na zo da ita. A wurinmu suruka ba ta ci ba ta sha a gidan surukai. Shekara biyu ina zuwa gidan nan ko ruwa ban taɓa kurɓa ba, kuma kowa ya sani. Hajiya da kanta takan nuna ni ta ce mutanen Gwandu akwai kunya. Shi ne abu ɗaya da ta taɓa yaba wa gidanmu da shi.

'Yar Masama ta yi sallama ta shigo da kwanon, tana takawa a hankali. Ya yi kyau a ido, wannan ba zan hana shi ba, ga ja, ga lemo yana yawo a kai, ga raɓa a jikin gilashin. Ta durƙusa, ta cika kofin farko ta miƙa wa Hajiya da hannu biyu, ta shiga zuba wa sauran.

A gefen Hajiya akwai yayarta, wata tsohuwa daga Kambaza wadda ta naɗa kanta alƙalin kowace tukunya a dangin. Ita ce ta sunkuya ta kai kunne bakin kofi, ta ɗago tana yamutsa fuska.

"Mi ka tsuwwa cikin wanga abu?" ta ce. Ta sake leƙawa. "Wanga soɓo ya tashi. Ke ɗiya, kwana nawa yay yi?"

Yarinyar ta ce yanzu aka haɗa, ruwan soda ne a ciki, amma da muryar da amarya ke magana a gaban surukai, wadda ko wanda ke kusa da ita sai ya matso. Babu wanda ya matso. Mata suka shiga ajiye kofuna. Wata da ta riga ta kurɓa ta tofar a gefen zane tana neman tsari, ta ce ita ma ta ji ya cije ta a harshe. To ai dole ya cije ta, aikinsa ke nan. Akwai 'yan mata da matan aure masu waya a ɗakin, waɗanda suka san sarai mene ne gas, amma kowacce ta sami abin kallo a farcenta.

Hajiya ta rufe haƙorinta. Ta ajiye kofin a kan darduma, ta tura shi da bayan yatsu, yadda aka ba ni labarin tana tura kwanon tuwo.

"Ni dai yanzu nid dawo daga ɗakin Allah," ta ce a hankali. "Ba ni sa abin shakka ga bakina. Ɗauke, Allah shi yi maki albarka."

Ban taɓa jin albarka mai ciwo irin wannan ba. Mai wayo zai ce ta ruga ta kawo kwalaben ta nuna. Wanda zai faɗi haka bai taɓa zama da uwar miji ba. Kawo kwalabe daidai yake da ce wa Hajiya da yayarta ba ku san komai ba, a gaban baƙinsu, a ranar da aka taru don girmama ta. Ba ta da hanyar kare kanta. Ina zaune na ga yadda abin zai kasance: shekara goma, shekara ashirin, ta haifi 'ya'ya ta aurar, amma a Kalgo sunanta wadda ta kawo wa mai dawowa daga Makka tsimammen zoɓo. Irin wannan suna ba ya wankuwa.

Yarinyar ta soma tattara kofunan. Ba ta waiwayo ta dube ni ba. Wannan ne ya ƙona ni fiye da maganar Hajiya. Ina zaune taku uku daga inda take, ni na matse lemon, ni na ga lokacin da aka zuba sodar, amma ko a ranta bai zo ba ta nemi taimako daga wajena. Ni na koya mata haka tun tana goye, ta kuwa koya da kyau.

"Ke," na ce. "Miƙo man nan."

Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na miƙa hannu na ɗauki kofin Hajiya da kaina daga kan dardumar, na yi bisimilla da ƙarfi yadda na bayan ɗaki zai ji, na kafa kai.

Sai a lokacin na ɗanɗana abin da aka wahalar da mu a kansa. Tsami ne da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, ba citta, ba kanumfari, ba abin da zai sa mutum ya tuna da shi gobe. Gas ɗin ya bi ta hancina ya fito da hawaye. Na shanye tas na miƙa wa yarinyar kofin na ce ta ƙara. Ta ƙara. Na shanye na biyu. Tsohuwar Kambaza ta riƙe haɓa. Na karɓi na uku, na dubi Hajiya cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Gabana anka haɗa shi, ni nim matse lemun," na ce. "Ɗiyata ta, ni nih haihe ta. Ba ta kawo ma kowa ƙazanta."

Na shanye na ukun na dire kofin. Da abin ya tsaya a nan, da na fita da mutuncina ko da rabi ne. Amma kofi uku na gas a cikin da bai ga komai ba tun karin safe ba ya zama lafiya. Na ji tana tahowa, na danne, na rufe baki da mayafi, ta ƙi. Gyatsa ce ta fito, doguwa, mai amo, irin wadda ko a gaban ƙannena ban taɓa yi ba, a tsakiyar ɗakin surukai, a gaban mai dawowa daga Makka.

Wata daga baya ta kasa riƙe dariya, sauran suka bi ta. Sai a lokacin ɗaya daga cikin masu kallon farce ta sami baki ta ce ai gas ne kawai, irin na lemon kwalba, ta miƙa hannu ta ɗauki kofi. Jarumai, sai da tsohuwa ta zubar da girmanta suka tuna sun sani. Kafin a kira la'asar kwanon ya ƙare har da lemon da ke yawo a kai. Hajiya ba ta sha ba, ba zan ƙara wa labari gishiri ba. Kallona kawai ta riƙa yi.

Daga baya labari ya iso ni har Gwandu. A Kalgo babu mai maganar abin da ke cikin kwanon, an ma manta launinsa. Maganar da ake yi ita ce ta surukar nan ta Gwandu da ta sha kofi uku a gidan surukai, ta kira 'yar fari ɗiyarta a bainar jama'a, ta kuma rufe da gyatsa. Yayata ta aiko mini da faɗa, ta ce na zubar da abin da iyayenmu suka bar mana. Hajiya ta daina cewa mutanen Gwandu akwai kunya. Ƙannen yarinyar sun ce yanzu in an kai tuwo takan ci rabi kafin ta mayar. Ba na jin girkin ne ya canja. Ta dai gane yarinyar tana da uwa, kuma uwar ba ta da ta ido.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, bayan la'asar, 'yar Masama ta sa hijabi ta raka ni bakin titi. Muna tafe, cikina ya kumbura kamar na haɗiyi ƙwarya. Na so in ce mata na ga kumfar tun a kicin na yi shiru, laifina ne, amma bakin da ya yi shekaru a rufe ba ya buɗewa sau biyu a rana ɗaya. Da mota ta tsaya sai na zaro ledar nan daga jaka na danƙa mata, na ce abin nata ba laifi, amma in za ta sake ta sa citta, don wannan ko mara lafiya aka ba sai ya nemi ƙarin bayani.

Ta karɓi ledar da hannu biyu ta rungume a ƙirji.

"To, Inna," ta ce. "Allah shi kai ki lahiya."

Na shiga mota na juya fuska wajen taga. Har muka kai Birnin Kebbi ina gyatsa ina share ido da gefen mayafi. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata wani lemo mai gas aka ba ni, shi ke sa hawaye.